Fim ɗin tsohon mawaƙin kantiri da ƙaramin jari: a ina ake tuntuɓe?

Mai Rubutu: Salamu alaikum. Finafinan nan na Amurka masu zaman kansu, na mawaƙin kantiri (salon waƙar karkarar Amurka) da sai da furfura ta fito arziki ya zo, wane ɓangare ya fi wuyar ɗauka?

Injiniyan Sauti: Wa'alaikumus salam. Waƙar ce, Malam. A naɗe ta a situdiyo kafin a kunna kyamara, jarumi ya yi mamin kamar yadda ake yi a Kano, amma muryarsa ce ta kansa. Tun daga farko a tsayar da ma'aunin naɗar sauti a kan 48 kHz. Sannan kada a yi lissafi da firam 24 (wato hotuna 24) a daƙiƙa alhali kyamara tana kan 23.976. Bambancin kashi ɗaya ne cikin dubu, amma a waƙar minti 4 ya kusa firam 6, sai ka ga baki ya rufe murya na tafiya. In a mashaya ake ɗauka, a kashe firiji da na'urar sanyaya ɗaki, 'yan kallo su yi tafin ƙarya, a sa na gaske wajen tacewa.

Hajiya Furodusa: Injiniya ya manta kuɗi. Tsohuwar waƙa haƙƙi biyu gare ta, na masu rubutun da na kamfanin da ya naɗe faifan, kowa da farashinsa. Wasu kan sayi izinin bikin finafinai kaɗai don su kai Sundance, babban bikin finafinai masu zaman kansu a Amurka, mai rarraba fim na zuwa a sake ciniki da tsada. Shi ya sa sabuwar waƙa ta fi rufin asiri. Fim ɗin Crazy Heart na 2009 haka ya yi, da jarin kusan dala miliyan 7, ɗauka kwana 24 a Niu Meziko, waƙarsa ta ci kyautar Oska, jaruminsa Jeff Bridges ma ya ci.

Mai Tacewa: Gaskiya ne, Hajiya. A kuma duba yatsu. Yawancin waƙoƙin kantiri kamun yatsu iri uku ne a jita, wanda ya iya zai gane nan take in hannun hagu yana wani wuri daban.

Mai Rubutu: To taron dubban mutane na ranar da ya samu karɓuwa fa?

Hajiya Furodusa: Aro ake yi. A roƙi 'yan mintoci a taron waƙa na gaske, a jera kyamarori da yawa, don damar ba ta maimaituwa.