Busar da ganyen zogale a ɗaki lokacin damina

Tambaya daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina shanya ganyen zogale a ɗaki mai rufin kwano da taga ɗaya, domin in daka in sayar da garinsa. Da hunturu yakan bushe lafiya lau, amma tun da ruwan Agusta ya kankama sai yake yin baƙi yana warin fumfuna. Me ya kamata in gyara?

Amsa daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Laima ce matsalarki, domin ganyen yana sakin ruwansa cikin iskar ɗakin, idan kuwa iskar ba ta da mafita, ruwan nan ba ya zuwa ko'ina. Ki huda kafa a ƙasan bango, wata kuma can sama a ɗaya gefen, tun da iska mai ɗumi sama take tashi, sannan ki sa musu raga saboda ƙuda. Kada ki zuba ganyen a kan siminti. Ki baza shi sama-sama bisa ragar da aka ɗaura a katako, yadda iska za ta ratsa ta ƙarƙashinsa.

Amsa daga Sabon Gari:
Fanka tana taimakawa, amma a rufe taga da dare, domin laima ta fi yawa wajen asuba.

Amsa daga Ƙofar Doka:
Yaya, kada ki kai shi rana, domin tana koɗar da korensa, tana kuma rage amfaninsa. Wanda ya riga ya yi fumfuna ki zubar, bai dace a sayar wa mutane ba. Busasshe shi ne wanda yake rugurgujewa idan kika murza shi a tafin hannu.