Cocin ƙauyen Hrastovlje mai ganuwa

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Turai ya turo min hoton wani ɗan coci a ƙauyen Hrastovlje, ƙasar Sulobeniya, an zagaye shi da katangar dutse kamar ganuwa. Tun jiya nake kallon hoton a shago. Me ya sa za a yi wa wurin ibada ganuwa?

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam. Mafaka ce. Mutanen ƙauyen sun gina ta saboda hare-haren dakarun Daular Usmaniyya, in an kawo farmaki sai su shige ciki. Ƙauyen yana kusa da Koper, garin bakin teku.

Hajiya daga Sharaɗa: Ɗana, ka ce masa ya shiga ciki. Akwai zanen bango na shekarar 1490, ƙwarangwal suna jan sarki da attajiri da almajiri har da jariri zuwa kabari. An shafe shi da farar ƙasa, sai a 1949 aka sake tono shi.

Ɗan Fagge: Allah ya saka, Hajiya. Wallahi abin ya taɓa ni. Jiya na bi ta Ƙofar Na'isa, na ga yadda badala ke zaizayewa, har raina ya ɓaci.