Asibiti ya koma kwamfuta: wane shiri mai jinya zai yi?

Uwargida daga Zariya: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan kai mahaifinmu ganin likitan hawan jini, kuma an shaida mini cewa asibitin ya daina aiki da fayil na takarda. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zuwa.

Malamin jinya: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Lambar da ke jikin katinsa ita ce fayil ɗinsa yanzu, saboda haka ki ɗauki hotonta a waya, ki kuma rubuta ta a takarda. Da ita likita zai ga awon Baba na baya da magungunan da yake sha. A da mun sha ganin fayil ya ɓace a ɗakin kati, a buɗe wa mutum sabo, a sake masa gwajin da ya riga ya biya.

Alhaji mai shago: Ni a wajen biyan kuɗi na sha wahala. Idan asibitin na gwamnatin tarayya ne, kuɗin yakan bi ta Remita, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet, tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, don haka ki adana lambar RRR mai alƙaluma 12, wato lambar biyan kuɗin da Remita ke bayarwa, tare da rasidi. A lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, na tura kuɗi aka cire a asusuna, amma kwamfutar mai karɓa ba ta nuna ba, iyalina tana kan benci riƙe da takardar gwaji har la'asar.

Malama: Abin da ya ɓata mini rai shi ne likitan bai ɗago ido ya dubi mahaifiyata ba, yana ta danne-danne, har ta fito tana cewa ba a duba ta ba. Ki rubuta abubuwan da ke damun Baba tun daga gida, domin kada kunya ta hana shi magana.

Malamin jinya: Gaskiya ne, Malama, wannan laifin namu ne. Hajiya, ki nemi a buga miki sakamakon gwaji, domin ba lalle kwamfutar wani asibiti ta gani ba, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ba Baba ikon neman kwafinsa.

Uwargida daga Zariya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Idan sabis ya ɗauke muna kan layi, jira ake yi ko ana komawa takarda?