Prelude ɗin marigayi Yaya tana ƙin tashi idan ta sha rana, ina mafita?

Abban Khadija, daga ƙauyen Gagarawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin Honda, musamman masu aikin wuta.

Motar Honda Prelude ce ƙirar 1994, ƙofa biyu, giyar hannu, injin H22A mai VTEC (tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul idan inji ya ɗau zafin gudu), lita 2.2. Ta yayana ce, Allah Ya jiƙansa. Daga Kwatano ya shigo da ita tun ina sakandare, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa barin wani ya juye mata baƙin mai ba, shi yake shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya shiga ƙarƙashinta, ni ina miƙa masa sifana. Da aka zo rabon gado babu wanda ya so ta. Kowa cewa yake motar da ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, me za a yi da ita a ƙauye. Na ce a yi mata kuɗi a cire a kasona. Shekara biyu ke nan tana hannuna, kuma duk abin da zan iya yi mata da kaina ina yi.

Da safe bugu ɗaya take tashi. A hanya ba ta tari, ba ta shaƙewa, ba ta taɓa mace mini ina cikin tafiya ba. Amma tun da bazarar nan ta kama, idan na ajiye ta a rana na dawo, sai ta ƙi. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na je kasuwar Maigatari kan cinikin riɗi, ban samu inuwa ba na bar ta a fili. Bayan azahar na buɗe ƙofa, sitiyari ba ya taɓuwa don zafi. Na murɗa makulli, kik yana juya inji da ƙarfinsa, batir lafiya lau, amma ta ƙi kamawa. Yara huɗu suka tura ni har wajen 'yan awaki, ko atishawa ba ta yi ba. Na bar ƙofofin a buɗe na koma gindin darbejiya. La'asar sakaliya na sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba.

Sau biyar ke nan tana yi mini haka. Wani bakanike ya canja mini famfon mai da fulogai, na biya, kwana uku ta maimaita. Yanzu ya ce ƙwaƙwalwar motar ce, biren-bos, in kawo kuɗi ya sa a nemo a Kano. Raina bai kwanta ba, don shi ne bara ya cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya haɗa fanka kai tsaye ba tare da ya tambaye ni ba, sai a ƙasa na ga abin a yashe.

Sai tambaya ta biyu. Yaya yana da ɗan littafi a aljihun dashbod inda yake rubuta duk abin da ya canja da lambar mita. Rubutu na ƙarshe kan taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin, na 2016 ne. Ba ta yi tafiya mai yawa ba tun lokacin. In bar shi ko in canja? Kuma aiki ne da mutum zai iya a gida?

Baba Rewaya, Ringim:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya jiƙan yayanka, Ya sa ya huta. Kada ka ba kowa kuɗin biren-bos tukuna. Na yi sama da shekara talatin ina aikin wutar mota a Kano kafin ido ya sa na dawo gida, kuma wannan ciwon na san shi a Accord da Civic da Prelude na shekarun 1990 kamar yunwar cikina.

Akwai wani ɗan akwati da ake kira men rile, bai kai kwalin sigari biyu ba, yana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, can sama inda sai ka kwanta rigingine da tocila za ka hango shi. Shi ke ba famfon mai wuta, shi ke ba ƙwaƙwalwa da nozul wuta. A cikinsa akwai ɗan allo da aka lilliƙa ƙafafu da dalma. Shekara da shekaru ana zafi ana sanyi, ga girgizar hanya, sai dalmar ta tsage ta yi zobe siriri kewaye da ƙafar. Da safe ƙarfe ya tsuke, suna taɓa juna, wuta ta wuce. Idan cikin mota ya zama tanda sai tsagar ta buɗe. Shi ya sa turi bai yi maka amfani ba, shi ya sa kuma buɗe ƙofofin da ka yi ya taimaka. Ba injin ne ya huce ba, cikin ɗakin motar ne.

Ga yadda za ka gane da kunnenka, ba sai da na'ura ba. Gobe da safe ka kashe rediyo, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka buga kik. Za ka ji wani ɗan zuuu daga baya wajen tanki kamar daƙiƙa biyu, sannan ƙas a ƙarƙashin dashbod. Ka riƙe wannan sautin a kanka. Ranar da ta ƙi tashi ka sake saurara. In babu zuuu, to ka kama ɓarawonka. Wani lokaci ma in ka riƙe makullin ka ɗan bubbuga wajen da tafin hannu sai ta tashi.

In kuwa ka ji famfon ya yi kukansa amma ta ƙi, to ka duba wuta: zare wayar fulogi ɗaya, sa mata tsohon fulogi, kwantar da shi a jikin ƙarfen inji, wani ya buga kik ka ga ko yana tartsatsi. In babu, sai mu koma kan igniita da ke cikin distirbuta ko kwayil. Amma su waɗannan sun fi kashe mota ana cikin tafiya, kai kuma ka ce ba ta taɓa yi maka haka ba.

Gyaran bai wuce na mai gyaran rediyo ko waya ba. Cire kan batir na nagetif, kwance notin da ke riƙe da akwatin, zare soket, ɓamɓare murfin a hankali. A zuƙe tsohuwar dalmar a sa sabuwa a kowace ƙafa, ba waɗanda suka nuna tsaga kaɗai ba. Kada ka yi saurin sayen na Beljiyom, shi ma shekarunsa ɗaya da naka, ƙila da ciwonsa zai zo.

Ɗan Kazaure:

Malam, ni gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi. Na riƙe Accord mai ƙofa biyu shekara huɗu, na san wahalar. Waɗannan motoci an yi su ne don kwalta mai santsi, ba burji da yashin da amalanke ta tona ba. Wata rana tudun tsakiyar hanya zai fasa maka kaskon baƙin mai ba ka sani ba, ka ƙone inji. In ka dage sai ka riƙe ta, ka sa a ɗaga ta da roba a kan shokozoba, ka ƙara girman taya. Kayanta ma wuya suke, ka shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, ka ce fitilar Prelude ka ga yadda za a yi ta aika yara shago-shago.

Maganar tamostat kuma ban ga laifin bakaniken ba. Na ƙasar sanyi ne, kowa cire shi yake a nan.

Baba Rewaya:

Ɗan Kazaure, kan kaskon baƙin mai ka yi gaskiya, a kula. Amma kan tamostat ban yarda ba, ko da kowa yana yi. Wanda ya ƙera injin ya so ya yi aiki da wani zafi sananne. Na waɗannan Honda yana fara buɗewa wajen digiri 78, kuma in ya buɗe sosai ba ya tare ruwa. Motar da ke tafasa da tamostat mai lafiya, lagiretonta ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ba ta kamawa. Cire tamostat ɓoye ciwo ne kawai. Kuma a lokacin hunturu, da asubar nan da mutum ke jin ɗari har ƙashi, injin zai yi ta tafiya a sanyaye, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara masa mai tana zaton bai gama ɗumama ba. Ga shan mai, ga baƙin fulogi. Shi kansa VTEC ɗin ba ya buɗewa sai ruwa ya yi zafi kuma baƙin mai yana da ƙarfi. Ɗana, ka mayar da shi, ka mayar da fanka kan suwicinta, ka daina zuba mata ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Injin nan alminiyom ne, gishirin ruwan yana cin sa yana toshe lagireto. Kulan, wato ruwan lagireto na musamman, za ka sa.

Ɗagawa kuma, kaɗan ba laifi, amma waɗanda ke cusa roba mai kauri su ne kullum a wajen mai shaf da bol-joyin.

Ummaru Mai Walda, Hadejia:

Yaya Abban Khadija, ni kan bel ɗin zan yi magana, don na ga abin da ya faru da ta wani maƙocinmu. Canja shi, kada ka kalli mita. Roba ce, shekaru na cin ta ko mota na tsaye, balle a zafin Jigawa. Honda da kanta ta rubuta cewa inda zafi ke wuce digiri 43 a canja a kilomita 100,000, kuma ko ba a yi tafiyar ba bai kamata ya haura shekara shida zuwa bakwai ba. Naka tun 2016. Injin H22 irin wanda in bel ya tsinke fistin ke dukan bawul ne, sai an sauke kan inji.

Bel biyu ne a wurin, babba da ƙarami na balansa. Ƙaramin in ya tsinke yakan shige ƙarƙashin babban ya kashe shi, don haka tare ake canja su, da famfon ruwa tunda an riga an buɗe. Ka duba tenshona, abin da ke ɗame bel ɗin, sosai. Na H22 mai mai ne a ciki, yana ɗaure kansa, kuma an san shi da saki in ya tsufa. Wasu na mayar da shi irin na hannu na injin H23.

Za ka iya a gida in kana da haƙuri, amma notin fulen ƙasa, wato faifan ƙasan inji da bel ke hawa, zai gwada ka. Kuma kada kowa ya ce maka a tokare sifana a buga kik ya kwance kamar yadda ake yi wa Toyota. Injin nan hagu yake juyawa, ƙara ɗaure shi za ka yi. Akwai ƙarfe mai kusurwa shida da ke shiga cikin fulen ya riƙe shi, ni na taɓa haɗa wa wani da babban noti da guntun bututu. In ka zo Hadejia ka kawo awon, zan yi maka. Karon farko dai ka samu wanda ya taɓa yi ya tsaya a kanka lokacin daidaita maki, haƙori ɗaya in ya goce ka ji a jikinta.

Abban Khadija:

Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiyar ido. Abin da ka faɗa shi ne.

Ranar Asabar da gangan na bar ta a tsakar rana a bayan masallaci, gilasai a rufe. Ƙarfe biyu na shiga na murɗa makulli na kasa kunne. Shiru, babu zuuu. Na kai hannu ƙarƙashin dashbod na buga sau biyu, sai na ji famfon ya amsa daga baya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don wata biyu ina kwana da tunanin kuɗin biren-bos.

Fito da shi ya ci mini kusan awa ɗaya, wurin matsattse ne, sai da na tura kujera baya na kwanta kafaɗa a ƙasa ƙafafu a waje. Na hau babur na kai wa wani yaro mai gyaran waya a Gumel. Da ido ban ga komai ba, sai da ya sa allon ƙarƙashin gilashinsa mai ƙara girma ya ce in leƙa. Ƙafafu uku kowacce da zobe baƙi siriri kamar gashi kewaye da ita, ɗaya har tana motsi in ya taɓa ta da tsinke. Ya zuƙe tsohuwar dalmar ya sake duka kamar yadda ka ce. Da na tambaye shi kuɗi ya ce in ba shi na ruwa kawai. Kwana shida ke nan ina barin ta a rana da gangan, har Maigatari na koma da ita jiya, bugu ɗaya. Na ɗauko littafin Yaya na rubuta a ƙasan rubutunsa na ƙarshe, da kwanan wata da lambar mita.

Ɗan Kazaure, na gode da gaskiyarka, amma ba zan sayar ba. Hajiyarmu har yanzu in ta ji ƙarar motar daga kan kwana takan fito ƙofar zaure. Hanyar amalanken dai na daina bi, ina zagayawa ta burji ko da ya fi nisa, kuma zan nemi a yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin kasko maimakon ɗagawa.

Malam Ummaru, na jingine ta a rumfa daga yau, ba za ta sake nisa ba sai an canja bel. Ranar Litinin zan shiga Ƙofar Ruwa neman bel biyun da famfon ruwa da tamostat, daga nan in Allah Ya yarda in biyo ta Hadejia ranar Laraba da awon fulen. Baba, in na samu tamostat da aka buga 82 a jikinsa maimakon 78, in karɓa ko in ci gaba da nema?