Daga Kano zuwa bakin teku a mota: ta ina za a bi?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Muna so mu je Kalaba da iyali a Disamba, mu ga ƙauyuka da duwatsu, mu ƙarasa bakin teku. Wace hanya ta fi?

Direban Unguwa Uku: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka bi Jos, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Gboko, Ogoja, Ikom, sai Kalaba. Kwana biyu, a kwana Makurɗi. Dajin Falgore a wuce shi da rana tsaka, ban da dare.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Gangaren Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, shi ne abin kula. Kada a danne birki tun daga sama, takalmin birki zai yi zafi ya daina kamawa. A sa giya ta biyu, inji ya riƙe motar. A canza man birki kafin a tashi, tsohon mai yana shan ruwa, da ya yi zafi sai ya tafasa. Ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse na nan kusa, ya cancanci tsayawa.

Hajiyar Gwale: Ɗan'uwa, Kalaba a bakin kogi take. In rairayin teku kuke so, sai Ibeno a Akwa Ibom, ta Eket. Kuma Disamba lokacin bikin Kalaba ne, a kama masauki da wuri.

Bakanike: Da kun dawo a wanke ƙarƙashin motar, gishirin teku yana jawo tsatsa.