Wane batir ya dace in saka wa ƙaramar taraktata mai dizal?

Mai Garma Biyu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa sauya batirin ƙaramar tarakta mai shan man dizal. Tawa ƙirar Japan ce, mai silinda 3, kuma batirinta ya gama aiki, domin ko ya kwana a caji, da na murɗa makulli sai in ji ƙas-ƙas kawai, injin ba ya juyawa. Rubutun jikinsa ya goge sosai, amma na iya karanta 55B24L. Na auna mazauninsa, tsawonsa bai wuce santimita 25 ba, faɗinsa kuma kusan 14, sannan murfin injin yana sauka dab da kawunan batirin. Mai sayarwa ya jera mini guda uku: irin tsohon sak, da wani babba na mota mai lamba 80D26R, da kuma na sola mai Ah 100 (Ah shi ne awon yawan wutar da batir yake ajiyewa) wanda ya ce shi ne zai fi daɗewa. Taraktar tana aiki wata 4 ko 5 ne a shekara, sauran lokacin tana ajiye. Tambayata ita ce, shin akwai illa idan na saka wanda ya fi na asali girma, kuma wace lamba ce ta fi muhimmanci ga injin dizal, Ah ko CCA, wato awon ƙarfin tayar da inji?

Ɗan Autan Gona:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ɗauki mafi girma kawai, domin batir ba ya yi wa inji yawa. Ni na mota nake sakawa a tawa, yau shekara 3 ke nan ban taɓa jin ko tari daga gare ta ba.

Mai Rewaya:
Ɗan'uwa Ɗan Auta, da ka duba awon da ya kawo, da ka ga cewa babban ba zai zauna ba. Waɗannan lambobin na tsarin JIS ne na Japan, wanda Kubota da Yanmar da Iseki suke amfani da shi, kuma kowane harafi yana da ma'ana. Harafin B ko D yana nuna faɗi da tsayi, lambar 24 ko 26 ita ce tsawon batirin a santimita, harafin L ko R kuma yana nuna ɓangaren da kawunan suke. Faɗin B bai kai santimita 13 ba, na D kuwa ya haura 17, saboda haka 80D26R ya fi mazaunin faɗi, ya fi shi tsawo, kuma kawunansa a juye suke. Lambar farko, wato 55 ko 80, ba Ah ba ce kamar yadda mutane da yawa suke zato, matsayin ƙarfin batirin ne kawai. Wanda yake son ƙarin ƙarfi ba tare da ya taɓa mazauni ba, sai ya nemi B24L mai lambar farko da ta fi 55.

Game da tambayarka ta biyu, Malam Mai Garma, injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi, matsin iska ne yake kunna mai, kuma matsin nasa ya kai kusan ninki biyu na injin fetur. Kafin ma kik ya fara juyawa, hita 3 masu ɗumama silinda sun riga sun ja wuta na daƙiƙu. Don haka CCA ne abin dubawa, wato yawan amp ɗin da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya faɗi ƙasa da volt 7.2 ba. Na sola an ƙera shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i, faifan dalmarsa masu kauri ne amma ba su da yawa, shi ya sa Ah 100 ɗinsa ba ya nufin zai fi tayar da inji.

Tsohon Direba:
Ku yi haƙuri in ba ku labarina, domin shawarar “ɗauki babba” ita ce ta ja mini asarar da har yau ban manta ba. Shekaru 2 da suka wuce batirina ya mutu ana gobe zan fara huɗa, ƙasa ta jiƙu daidai yadda ake so, kuma mutane 4 sun riga sun ba ni kafin alƙalami a kan zan yi musu aiki bayan na gama tawa. Mai shagon da na je ya ce irin nawa ya ƙare, amma ga babba wanda ya fi shi da komai. Da na kawo shi na ga bai shiga mazauni ba, sai na sa aka buɗe gefen ƙarfen da guduma, maɗaurin da ke danne batir kuma bai kai ba, na cire shi na ɗaure da tsinken roba. Kawunan a juye suke, don haka na ja jar wayar ta tsallaka ta kan batirin har ta kai, tana miƙe kamar tsirkiya.

Kwana 5 na yi ina aiki lafiya, har ina yabon kaina. A rana ta shida ina tsakiyar gona, ƙafar gaba ta faɗa wani rami, sai na ji wani ƙauri kamar ana ƙona leda, kafin in sauko hayaƙi ya fara fita ta gefen murfi. Ashe girgiza ta sa jar wayar ta yi ta gugar gefen ƙarfen da muka lanƙwasa har robarta ta cinye, kuma babu fiyus tsakanin batir da kik, saboda haka wutar gaba ɗaya ta bi ta jikin taraktar. Da ƙasa na kashe ta da hannuna, tabon yana nan a yatsuna. Wayoyin gaba duka sun narke, na'urar daidaita caji ta ƙone, taraktar ta yi mako 3 a tsaye ana jiran kaya, lokacin huɗa ya wuce, na mayar wa mutane kuɗinsu ina sunkuyar da kai. Da na koma wajen mai shagon da takardar garanti, sai ya dube ni ya ce garanti bai shafi gobara ba, kuma shi batir ya sayar mini, ba shawara ba.

Ɗan Autan Gona:
Allah Ya mayar da alheri, Baba, amma a gaskiya wannan ba laifin girman batir ba ne, laifin ɗauri da roba ne. Da an yi masa mazauni mai kyau, aka sayi waya mai tsawo, da babu abin da zai faru.

Tsohon Direba:
Yaro, wanda batirinsa ya mutu ana gobe huɗa ba ya zaman ƙera mazauni. Abin da nake faɗa shi ne, da na nace a kan irin nawa, da duk wannan bai taso ba.

Uwar Gida Mai Lambu:
Ni tawa gogewar daban ce, kuma ina ganin ta fi kusa da halin da mai tambaya yake ciki. Na sauya batir sau 2 cikin shekara 2 ina zargin masu ƙera shi, sai daga baya aka gano ajiya ce take kashe su. Batirin dalma yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana ƙara saurin hakan, idan ya daɗe babu caji sai wani farin gishiri ya daskare a faifansa, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta. Yanzu da na gama aiki nakan cire baƙar waya, in auna shi sau ɗaya a wata. Cikakken batir yana nuna volt 12.6, idan ya sauko 12.4 nakan sa shi a caji, ba na bari ya kai 12.2 domin a nan rabi ya tafi. Na koma irin AGM, wanda ba a ƙara masa ruwa kuma yana jure girgiza, kuɗinsa dai ya kusa ninka na gama-gari.

Manomin Asabar:
Hajiya, ina jin an tsawwala miki. Ni da na saya, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma da na ba su tsohon sun ƙara rage mini.

Ɗan Autan Gona:
Ni kuwa an taɓa yi mini tayin AGM a ƙasa da kuɗin na gama-gari ma.

Mai Rewaya:
To wannan ko dai ba AGM ba ne, rufaffen mai ruwa ne aka kira shi da sunan, ko kuma ya shekara a kan kanta. Ba duk batirin da ba shi da marfin zuba ruwa ne AGM ba.

Bakanike Na Gado:
Ina karanta bayanan nan tun ɗazu, kuma da girmamawa nake cewa lissafin CCA bai dame ni ba. Awon digiri 18 ƙasa da sifili ya shafi wanda yake tayar da inji cikin ƙanƙara ne. Shekarata 30 ina kwance injin dizal, kuma a cikin taraktoci 10 da ake kawo mini da sunan batir ya mutu, da yawa matsalar tana kan wayar da ke ɗaure a jikin bodi, ta yi tsatsa ko ta saki. Wannan ƙas-ƙas ɗin da mai tambaya ya ambata, ƙazamin kan batir ma yana kawo shi. A kankare kawunan, a ɗaure tamau, sannan a yi maganar saye.

Mai Rewaya:
Maigida, maganar tsatsa gaskiya ce, ban musa ba, amma harkar wuta ba harkar fistin ba ce. CCA ma'auni ne da ake kwatanta batir da batir, ko a ina mutum yake zaune. Abin lura kawai shi ne tsarin awon ya bambanta, akwai SAE na Amurka, akwai EN na Turai, akwai tsohon DIN na Jamus wanda lambarsa take fitowa ƙasa da sauran, wasu kuma suna buga CA, wanda ake aunawa a digiri sifili, don lambar ta fito da girma. Wanda bai san wannan ba zai kwatanta lambobi biyu da ba jinsi ɗaya ba. Hanyar raba gardama mai sauƙi ce: a ɗora mitar awon volt a kan batir ana murɗa makulli, idan ya faɗi ƙasa da volt 9.6 bayan cikakken caji, batirin ya tafi, idan kuma ya tsaya sama amma kik bai juya ba, to a bi waya.

Bakanike Na Gado:
Mu da muka koyi aiki kafin mita ta zo, da fitilar gaba muke ganewa, idan ta dushe an murɗa makulli mun san inda ciwon yake. Ban ga abin da mitar ta ƙara ba sai tsada.

Manomin Asabar:
Ku duka kun wahalar da kanku. Mahaifina a kan gangare yake ajiye tasa, ya shekara 7 bai sayi batir ba, sai dai ranar da ta ƙi tashi a ƙasan gangaren mu ne batirin, mu 6 da ƙannena.

Uwar Gida Mai Lambu:
Malam, ka ba ni dariya, amma kada wani ya ɗauka da gaske. Ƙananan taraktoci masu giyar mai, waɗanda ake tuƙawa da feda gaba da baya, ba sa tashi da turi ko kaɗan, waɗanda kuma suke da makunnin mai na lantarki sai da wuta man zai wuce. Haka nan masu haɗa kan kik da sukundireba suna tsaye a gaban taya su daina, domin idan tana cikin giya za ta taka mutum.

Mai Garma Biyu:
Na gode ƙwarai. Na bi shawarar Maigida Bakanike na kankare kawunan da wayar bodi, na kuma ari mita kamar yadda Malam Mai Rewaya ya ce, da na murɗa makulli ya faɗi zuwa volt 7, don haka batirin ne. Na cire na sola daga lissafi, labarin Baba kuma ya sa na haƙura da babban. Sai dai da muka tayar da ita da batirin aro, mitar ta nuna 13.1 kawai injin yana aiki. Wannan daidai ne, ko sabon ma zai bi sahun tsohon?

Mai Rewaya:
Ka ƙara wa injin wuta ka sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Wasu ƙananan taraktoci dinamo ne da su ba altaneta ba, ba ya ba da caji sosai sai injin ya ɗaga, kuma wannan wani dalili ne da ya sa babban batir ba ya cika a kansu idan aikin na ɗan lokaci ne. Ka duba bel tukuna. Sannan ka kalli kaurin kawunan kafin ka biya, domin B24 yana zuwa da sirara, mai harafin S a ƙarshe kuma masu kauri ne. Wajen sakawa, baƙar waya ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa.

Tsohon Direba:
Duk wannan mai sauƙi ne idan abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Wanda na saya bayan gobarar, da lambarsa daidai da komai, wata 5 ya yi ya mutu, da muka ɗora shi a sikeli tare da tsohon na asali sai muka ga ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, ga shi girmansu ɗaya. Dalma ce nauyin batir, idan babu nauyi an rage ta. Garantin wata 12 aka rubuta mini, da na mayar sai aka ce na mota ne garantin, tarakta ba ta ciki.

Uwar Gida Mai Lambu:
Ni ma an taɓa yi mini irin wannan, amma ta wata fuskar: sun ce kwanan garanti yana farawa ne daga ranar ƙira, ba ranar saye ba, alhali batirin ya fi wata 8 a wajensu kafin in ɗauka. Tun daga ranar nake tafiya da mitata, in auna a gabansu, in sa su rubuta kalmar tarakta a kan rasit. Wani ya ƙi rubutawa, na ajiye masa kayansa na fita.

Manomin Asabar:
To ina ake ganin ranar ƙirar ma? Na juya nawa ta ko'ina, haruffa da lambobi ne kawai aka ƙona a gefen murfi, kuma mai sayarwar da kansa ya ce bai san yadda ake karanta su ba.

Mai Garma Biyu:
Na sake aunawa da wuta sama, ya kai 13.5 ya tsaya, bel ɗin kuma na ga ya ɗan saki. Zan ɗaure shi gobe in sake gwadawa kafin in je sayen. Hajiya, wannan maganar rubuta tarakta a rasit, su ne suke sa hannu a kai ko hatimi kike sa su buga?