Taƙaitawa: aikin kula da ma'aikata a Legas, albashi da hanyar shiga

Ga abin da na tattara daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yadda ake shiga aikin kula da ma'aikata a Legas da abin da ake samu a cikinsa.

1. Kusan baki ya zo ɗaya kan muhimmancin takardar CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta Najeriya da hedikwatarta ke Alausa a Ikeja. Kowane digiri yana iya shigar da mutum, amma manyan kamfanoni sukan nemi wannan shaidar kafin ƙarin girma.

2. Lissafin albashi shi ne inda sabon shiga ke faɗuwa, kuma a nan muhawarar ta fi daɗewa. A dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, kamfani kashi 10, a tura asusun fansho cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Harajin PAYE, wanda ake cirewa daga albashi, dole ya isa LIRS, hukumar tara haraji ta jihar Legas, zuwa 10 ga watan gaba. Kuɗin NSITF, asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, kashi 1 ne, daga aljihun kamfani; masu cire shi daga albashin ma'aikaci sun kauce hanya.

3. Albashi: bankuna, kamfanonin mai da na sadarwa a Victoria Island sun fi masana'antun Apapa da Ikeja biya, inji mafi yawa. A tambayi abin da zai shigo hannu bayan cire-cire, a kuma lissafa kuɗin mota daga unguwar da mutum yake zaune, kamar Agege.

4. An rabu kan kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata a madadin wasu. Wasu sun ce makaranta ce mai kyau, wasu sun ce kwantiragi ne marar tabbas. Ni dai na ga kowa da hujjarsa.

5. Mata sun fi yawa a ofisoshin da aka ambata a muhawarar, Hausawa kuwa ƙalilan ne.